Lambar Kakana: Littafin Bincike

6 ga Janairu, 2024

Yau na buɗe sabon littafi na fara aikin da na shekara goma ina cewa sai an kwana biyu. Mutum ɗaya nake nema: mahaifin mahaifina, wanda ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba. Ba zan sa sunansa a nan ba sai dangi sun amince, saboda haka kakana zan riƙa ce masa, duk da kalmar ba ta zauna mini daidai a baki ba. Kaka a wurina tsoho ne mai furfura da sanda. Wannan kuwa, in lissafin gida bai yi kuskure ba, ɗana na fari ya riga ya wuce shekarun da ya yi a duniya.

Abin da na gada game da shi bai cika tafin hannu ba. Babu hoto, babu wasiƙa, babu kabarin da za a nuna. Magana uku ce ke yawo a gidanmu tun ina yaro: ya shiga soja mahaifina yana ciki, bai taɓa ganin ɗansa ba, kuma ya mutu a Bama da bindiga a hannu. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, haka ya ji, haka ya gaya mana, bai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Mutum biyu suka rage da za a tambaya. Akwai Gwaggo, wadda kakata ta haifa a aurenta na biyu, sai ƙanen kakana, autansu, da muke kira Baba Tsoho. Ya doshi casa'in, kunne ya yi nauyi, waya ba ta yi masa amfani.

Na raba kowane shafi gida uku. Gidan farko abin da na ji, tare da wanda ya faɗa da ranar. Na biyu abin da na gani da idona a takarda. Na uku abin da nake zato. Na san halina: in ban yi haka ba, nan da wata uku ba zan iya bambance abin da aka gaya mini da abin da na saƙa da daddare ba.

20 ga Janairu

Na yini wurin Gwaggo. Na ce, "Gwaggo, Inna ta taɓa ba ki labarin mijinta na fari?" Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, wace uwa ce ke zaunar da 'yarta ta ba ta labarin mijin fari?" Amma yaro yana da kunne ko ba da shi ake magana ba, kuma abin da ta tsinta daga hirar manya ya ba ni abu biyu.

Na farko shekaru. Ta ce mahaifiyar kakana takan ce ba ta daɗe da yaye shi ba ɗan sarkin Ingila ya zo Kano aka yi masa hawa. Wannan ziyara sananniya ce, a watan Afrilu 1925 aka yi ta. In an cire shekara biyu, haihuwarsa ta faɗa wajen 1923. Na sa wannan a gidan zato, amma zato ne mai ƙafa.

Na biyu dalilin tafiyarsa. Ni tun da can na ɗauka kama shi aka yi. Gwaggo ta ce a'a, ɗiban gwamna ya guda. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora aikin tilas a ma'adinan tsaunukan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 ana yanka wa kowace En'e adadin mutanen da za ta kawo, ita kuma ta sauke wa hakimai, hakimai su sauke wa dagatai. Sanyi da yunwa da ciwo sun kashe mutane da yawa a can, wasu suka gudu. A cewar Gwaggo, da ya ji sunansa ya shiga jerin, sai ya ce da ya ɗauki kwanon ƙasa a ka, gara ya ɗauki bindiga. Da asuba ya kama hanyar bariki.

Na rubuta maganar kamar yadda ta faɗe ta. Ta yi daɗin ji da yawa, kuma irin wannan na fi tsoro.

3 ga Fabrairu

Kwana uku ke nan ina kan shafin intanet na hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi na ƙasashe rainon Ingila, wato CWGC. An kafa ta a 1917, tana riƙe da sunayen mutum wajen miliyan 1.7 da suka mutu a yaƙoƙin duniya biyu. Game da yaƙi na biyu, tana lissafa wanda ya mutu yana soja daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947. Bincike kyauta ne. Kowane mutum za ka ga sunansa, muƙaminsa, lambarsa, rukuninsa, ranar mutuwa, da inda aka binne shi ko aka rubuta sunansa. Sojan Ingila sau da yawa za ka tarar an ƙara shekarunsa da sunan iyayensa da matarsa har da garinsu. Namu galibi wurin fanko ne.

Wahalar tana wajen suna. Akawun soja ba ya tambayar sunan uba. Sunan yanka yake rubutawa, ya liƙa masa sunan gari ko na ƙabila, ya wuce na gaba. Kuma da kunnen Bature yake rubutawa: Garba ya koma Garuba, Audu ya koma Awudu, Mamman ya koma Mama ko Momo. Sai da na zauna na jera duk yadda baƙon kunne zai iya karya sunan kakana, na gwada su ɗaya bayan ɗaya, sau ɗaya a gidan sunan farko, sau ɗaya a gidan na biyu, don wani lokaci a juye aka shigar.

Lambobin namu da NA suke farawa. Da farko na yi dariya na ce ko En'e ce ta biyo su har Bama. Ashe alamar sojan Najeriya ce, kamar yadda na Ghana, da ake kira Gold Coast a lokacin, suke farawa da GC.

Da na tace, mutum uku suka rage masu suna irin nasa da sunan gari irin wanda zai iya bayarwa. Na ɗaya ya mutu a 1942 bai bar ƙasar nan ba, na cire shi. Na biyu farabiti ne a wata bataliya ta mayaƙa, ya mutu a 1944. Na uku ya mutu a watan Maris 1945, yana cikin rukunin masu ɗaukar kaya. Shi ma na ja masa layi, tunda an ce da bindiga a hannu.

Wani abu da na ci karo da shi a hanya: a watan Afrilu 2021 hukumar da kanta ta fitar da rahoto ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000, galibinsu 'yan Afirka da suka mutu a yaƙin farko, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. Wanda kakansa ya mutu a yaƙi na biyu ya fi sa'a, domin akwai kyakkyawan fatan sunan yana nan. Gane wanne ne naka shi ne aikin.

24 ga Fabrairu

Makon nan karatu kawai na yi, don na gaji da ganin lambobin bataliya ban san ma'anarsu ba.

Runduna biyu aka haɗa daga Afirka ta Yamma a 1943 don yaƙin Bama. Runduna ta 81 ce ta fara tafiya, tambarinta baƙin gizo-gizo, ta shiga kwarin kogin Kaladan a ƙarshen shekarar. Runduna ta 82 ta bi baya a 1944, ta shiga fagen daga a Disamba, tambarinta gammo da masu biyu a gicciye. Sun haɗu suka kori sojan Japan daga Myohaung, tsohon babban birnin Arakan, a Janairu 1945. Har yau sojan Najeriya na da runduna ta 81 a Legas da ta 82 a Inugu.

Abin da ya ba ni kunya shi ne sunayen bariki. Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Dodan da Arakan da Tamandu a Legas. Tun ina yaro nake jin wasu daga cikinsu, ban taɓa tambayar daga ina suka fito ba. Ashe taswirar yaƙin nan ce aka baje mana a gefen titi, muna wucewa kullum.

Myohaung ɗin yanzu Mrauk-U ake kiransa, a jihar Rakhine ta Myanmar, wato sunan Bama na yanzu. A farkon watan nan labarai suka kawo cewa mayaƙan Arakan sun ƙwace shi daga sojan gwamnati. Shekara kusan tamanin, wurin bai huta ba.

16 ga Maris

Dole in rubuta wannan don ya zama mini izina.

Bataliyar mutum na biyu tana cikin birged ta 3 ta Afirka ta Yamma, wadda aka cire daga Runduna ta 81 aka ba Janar Orde Wingate. Bataliya uku ce, ta 6 da ta 7 da ta 12, duka 'yan Najeriya. Su ne cikin dakarun Chindit da aka sauke da jirgin sama a bayan layin Japan a 1944, suka tsare sansanin da aka laƙaba wa White City saboda fararen lemomin jefa kaya da suka rataye a bishiyoyinsa. Wingate kansa ya mutu a haɗarin jirgi ranar 24 ga Maris na shekarar.

Da na karanta wannan, kaina ya kumbura. Na gaya wa matata, na buga wa ƙanena waya, har na ce wa yarana kakan babanku ɗan Chindit ne. Jiya da dare ina duba littafin nan sai na ga na rubuta maganar a gidan abin da na gani a takarda. Me na gani a takarda? Suna irin nasa, shi ke nan. Sunan da a kowace unguwa za ka sami mutum biyar masu shi. Sauran duk son raina ne ya cike. Na goge, na mayar da ita gidan zato, na sake buga wa ƙanena na ce ya dakata da yaɗawa. Ya ce ai ya riga ya sa a zauren dangi na WhatsApp.

20 ga Afrilu

Na je wurin Baba Tsoho, tafiyar yini guda. Ban samo komai ba, kuma laifina ne. Na zauna ina ɗaga murya ina tambayarsa wace bataliya, wane gari a Bama, wace shekara. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Abokina, ni fa lokacin nan yaro ne, ina elemantare. Wa zai gaya mini bataliya?" Ya ce abin da ya sani shi ne wata rana ɗan doka ya zo da takarda daga ofishin Di'o, aka kira mahaifinsu waje, da ya dawo ciki bai yi magana ba sai mata suka fara kuka. Takardar ba a san inda ta shiga ba.

1 ga Yuni

Kwana huɗu a Kaduna, tsakanin Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa. Ma'aikatan sun yi haƙuri da ni ƙwarai, don ban san ko yadda ake cike takardar neman fayil ba.

Fayilolin larduna na shekarun yaƙi suna nan, kuma wanda ke son sanin yadda aka tara soja zai ƙoshi: wasiƙun Razdan zuwa ga Di'o, maganar adadin kurata, maganar kuɗin da ake yanka daga albashin soja a ba iyalinsa, maganar yadda za a yi da mazan jiya in sun dawo. Wanda ke neman mutum ɗaya kuwa, allura ce cikin ruwa. Gwamnati ƙirga mutane take yi, ba ta cika kiran sunansu ba sai sun yi laifi ko sun kai ƙara. Kakana da alama bai yi ko ɗaya ba.

Rana ta ƙarshe na ba tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a Zariya a Janairu 1939, Abubakar Imam na editanta. Labarin yaƙi ya cika ta, da saƙonnin sojoji daga nesa. Ban ga sunansa ba. Amma ina cikin karantawa wani tunani ya faɗo mini. Soja yana aiko da wasiƙa, gida ma ana mayar masa da amsa. Wasiƙar soja kuwa ba ta isa sai an rubuta lambarsa a bayan ambulan, domin masu suna ɗaya sun yi yawa. To a gidan da manya ba su yi boko ba, wa ke rubuta bayan ambulan? Yaron da ke elemantare.

Na fito na tsaya a bakin titi ina jin haushin kaina. Na yi tafiyar yini na tambayi mutumin nan abin da bai sani ba, na bar abin da ya sani.

10 ga Agusta

Babu ci gaba. Baba Tsoho ya kwanta jinya tun watan jiya, an ce a bar shi ya huta. Wani ofishi da na rubuta wa tun Maris ina tambayar ko takardun aikin tsofaffin sojoji suna wurinsu, har yau shiru. Na sake aikawa.

19 ga Oktoba

Ya warware, na koma. Wannan karon ban ɗauko littafi a gabansa ba, na kunna rikoda a waya na ajiye gefe. Muka yi ta hirar makarantarsu, da malamin da ke dukansu kan rubutu. Can na ce, "Baba, in wasiƙar Yaya ta zo, wa ke karantawa?"

Ya ce, "Ni mana. Wa kuma?"

"In za a mayar da amsa fa?"

"Baba ya faɗa, ni in rubuta. Bayan ambulan kuma in kwafa daga tasa, harafi harafi, don an ce in aka kuskure lamba ɗaya wani za a kai wa."

Ban ma tambaye shi ba. Ya rufe ido, ya ɗaga yatsa yana kaɗawa kamar mai bitar karatu, ya fara da NA, ya jero lambobin da Turanci, da irin muryar 'yan aji. Ya sake maimaitawa, bai canja ko ɗaya ba. Ya buɗe ido ya ce, "Ka ga, abin da na ci jiya ban tuna ba."

Hannuna na rawa na buɗe hoton shafukan da na adana a waya. Ba lambar ɗan Chindit ba ce, ko kusa. Ta mutum na uku ce, wanda na ja wa layi tun Fabrairu. Duka lambobin sun dace, babu ragi babu ƙari.

Ban gaya masa a ranar ba. Na ce zan duba in dawo.

2 ga Nuwamba

Mako biyu ina juya abin. Gaskiya ita ce da farko gwiwata ta yi sanyi, kuma na ji kunyar sanyin da ta yi.

Kakana ɗan dako ne a Runduna ta 82. Soja ne cikakke, da lamba da kaki da albashi, amma aikinsa ɗaukar kaya a ka. Dalilin da ya sa aka kai rundunonin Afirka ta Yamma tsaunukan Arakan ke nan: wurare ne da mota ba ta shiga, wani wurin ko alfadari ba ya iya hawa. Jirgi ya jefo kaya da lema, su kwasa su ɗora a ka, harsashi, abinci, na'urar oba-oba, har sassan igwa. Su ne ke sare daji da adda su buɗe hanya, su share filin da za a jefa kaya, su ɗauko wanda aka harba a kan makara su sauko da shi daga dutse. Yawancinsu ba a ba su bindiga ba. In aka yi wa ayari kwanton ɓauna, mai bindiga yana da abin mayar da martani, mai kaya a ka sai dai ya kwanta inda yake. Gammon da ke tambarin rundunar nasu ne. Na ga tambarin nan tun Fabrairu, na rubuta shi a littafin nan da hannuna, ban tsaya na yi tunani a kansa ba.

Sai maganar Gwaggo ta dawo mini, wai da ya ɗauki kwano a ka gara ya ɗauki bindiga. In da gaske ya faɗi haka, to ya guje wa kaya a Jos ya je ya ɗauke shi a Bama. Ina kuma zargin daga wannan maganar tasa aka ƙera ta bindiga a hannu. Ya tafi yana cewa bindiga zai ɗauka, aka ce ya mutu, sai gida ya haɗa biyun. Babu wanda ya yi ƙarya. Wannan ma gidan zato na sa shi.

Sunansa yana jikin ginin tunawa na Rangoon, a maƙabartar yaƙi ta Taukkyan, kimanin kilomita 35 arewa da Yangon, wato Rangoon ta da. An buɗe ginin a Fabrairu 1958, yana ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda suka mutu a yaƙin Bama ba a san kabarinsu ba. Ma'ana babu kabari ke nan. An binne shi a wani wuri a daji, ko ba a samu damar binnewa ba, daji ya rufe. Rubutun girmamawa da ke tsakiyar ginin an yi shi da Turanci da harsunan Bama da Indiya. Babu Hausa, harshen da dubban sojojin nan suka yi yaƙin da shi.

In haihuwarsa 1923 ce, shekararsa 21 ko 22.

25 ga Janairu, 2025

'Yar wani abokina da ke karatu a Landan ta yi mini alheri. Ta je gidan adana takardun gwamnatin Ingila da ke Kew, ta nemo littafin aikin yau da kullum na rukuninsu a jerin da ake kira WO 172, ta ɗauko mini hoton shafukan watan Maris 1945. Kowane rukuni na soja yana da irin wannan littafi, wani hafsa ke cike shi: ina aka kwana, ina aka nufa, me ya faru.

Lokacin rundunar tana fama a tsaunukan da ke wajen Tamandu da Dalet da Letmauk, tana neman toshe hanyar garin An. Lokaci ne mai tsanani, domin an karkatar da yawancin jiragen da ke jefa musu kaya zuwa ga babbar rundunar Janar Slim da ke tsakiyar Bama, abin da ya ƙara wa masu ɗauka a ka nauyi.

Na nemo ranar. Layi biyu ne da rubutun tafireta. An ambaci wurin, an ambaci cewa an yi asarar mutane, an ba da adadi da haruffan AOR, wato ƙananan sojoji 'yan Afirka. Babu suna. A shafin da ke biye wani hafsa Bature ya ji rauni, an rubuta sunansa da muƙaminsa da inda aka kai shi. Na san haka tsarin yake, ƙaramin soja ko Bature ne ba kasafai ake sa sunansa a irin wannan littafi ba. Duk da haka na daɗe ina kallon adadin nan, ina cewa ɗaya daga ciki nawa ne.

A watan Yuni na wuce ƙofar barikin Dalet a Kaduna sau biyu a rana, kwana huɗu.

12 ga Afrilu

Na kai wa Gwaggo takardar shaidar tunawa da na sauko da ita daga shafin hukumar, na buga a takarda mai kauri. Na yi mata bayanin komai, har maganar dako. Na zaci za ta ji ba daɗi. Ta shafa takardar ta ce, "To da wa zai ɗaukar musu?" Ta sa a ƙarƙashin matashinta. Ƙanena kuwa har yanzu bai goge saƙon Chindit daga zauren dangi ba, ya ce kunya yake ji.

Wani lissafi ya hana ni barci kwanan nan. Mahaifina 1943 aka haife shi. Muddin na ɗauka kakana yana Runduna ta 81, maganar bai taɓa ganin ɗansa ba ta zauna daidai, don a shekarar suka tashi. Amma Runduna ta 82 ba ta bar Afirka ba sai 1944. Wato bayan haihuwar ya yi watanni da yawa yana cikin ƙasar nan. Shin ba a ba su hutu kafin su hau jirgin ruwa?

16 ga Agusta

Jiya aka cika shekara 80 da Japan ta miƙa wuya. Yau ina wurin Baba Tsoho. Na nuna masa hoton bangon Taukkyan da wani mai aikin sa-kai ya ɗauko mini, na faɗaɗa wurin sunan. Ya kawo wayar dab da idonsa, ya karanta harafi harafi, ya ce sun ɓata rubutun. Na gaya masa aikin da Yayansa ya yi a can. Ya ce ai ya sani, a wasiƙa ya taɓa cewa gashin tsakiyar kansa ya ƙare. Shekara da shekaru ana maganar bindiga a gabansa, bai taɓa gyara wa kowa ba.

Sai na yi tambayar da ta kawo ni. Na ce, "Baba, bayan ya shiga soja, ya taɓa dawowa gida?"

Ya ce, "Ya zo mana. Sau ɗaya, kafin su tafi. Kwana uku ya yi. Ubanka lokacin yana rarrafe. Ya ɗauke shi ya ɗora a wuya ya zaga da shi tsakar gida, yaron ya jiƙa masa kaki. Ni aka aika na ɗebo ruwa."

Na yi shiru. Da na sami murya na ce, "Baba, mahaifina ya rayu ya mutu yana cewa ubansa bai taɓa ganinsa ba. Me ya sa ba ku gaya masa ba?"

Ya ce, "Uwarsa ta yi aure ta tafi da shi yana ƙarami. Da ya girma yakan zo gaishe ni, ya zauna inda kake zaune. Bai taɓa tambaya ba, ni kuma na ɗauka ya sani."

Na rubuta a gidan abin da na ji, da sunan Baba Tsoho da ranar yau. Shaida ɗaya ce, ta mutumin da yake ɗan shekara tara ko goma a lokacin, kuma babu takardar da za ta tabbatar sai in littafin rukunin na farkon 1944 ya ambaci hutun da aka ba su. Na aika wa 'yar abokina saƙo ta duba mini in ta sami sarari. Gobe da safe kafin in kama hanya zan sake zama da shi, ya ce yana jin ya tuna abin da ke cikin wasiƙa ta ƙarshe.